Shekarar da Na Zama Hannun Malam

Na zo Ankara ina amarya, tun ana ce wa ƙasar Gwalkwas, saura kaɗan a sami 'yancin kai. Mijina tela ne, mutumin garinmu Katsina. Ya riga ni zuwa da 'yan shekaru, ya kama ɗaki a wani gidan haya a Nima, can gangare kusa da babbar kwatar da ta raba mu da Mamobi. Ɗakuna ne jere suka kewaye tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da irin yarenta. Akwai Zabarmawa, akwai Dagwamba, akwai Kotokoli, kuma Hausa ce ke haɗa mu duka, sai dai irin Hausar da ba ta damu da mace ko namiji ba. Ranar da na sauka wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Amarya, ka zo lafiya?" Na waiga in ga namijin da take yi wa magana.

Tsohuwar nan ita ce matar mai gidan, kowa Mma yake ce mata. 'Yar ƙabilar Ga ce, daga unguwar masunta ta bakin teku, ta musulunta lokacin aurenta. Sana'arta bandar kifi. Da asuba take hawa mota ta tafi bakin ruwa, kafin hantsi ta dawo da kwando, ta wuni a gaban murhunta na ƙasa mai ragar waya tana juya kifi, idanunta jajur don hayaƙi. Ba ta da yawan magana. In tana aiki takan yi ta gunguni da yarensu kamar mai rera wani abu, mu kuwa ba mu taɓa kula ba, don mun ɗauka irin na tsofaffi ne.

Mijinta, Malam, mutumin ƙasar Sakkwato ne, kuma shi ne mawaƙin unguwarmu. Ba mawaƙin kiɗa ba, mai rubuta waƙa da ajami. Ba a yin zaman makoki a Nima ko Mamobi a tashi ba a rera wani abu nasa ba. Akwai wadda ta fi duka shahara, ana ce mata waƙar kwalekwale. Ranar sadakar uku ko ta bakwai, bayan an sauke karatu, sai liman ya sa wani mai murya ya ɗauko ta:

Kwalekwale ya komo, mai shi bai komo ba,
Tarunsa na nan a naɗe, ko jiƙa shi bai yi ba,
Wanda aka dafa wa abinci bai zo ya ci ba,
Ubangiji ya san inda yake, mu ba mu sani ba.

Na ga mahauta masu taurin rai suna share hawaye da bakin riga a kan baitocin nan. In an kai ƙarshe sai a yi addu'a ga mamacin da kuma mai kwalekwalen, kowa ya shafa. Malamai suna fassara ta, suna cewa kwalekwale jiki ne, mai shi kuwa rai. Ni ma haka na ɗauka. Ban taɓa tambayar kaina yadda mutumin da ya tashi a tudu, wanda ko ƙafarsa ba ya yarda ya sa a teku, waƙoƙinsa suka cika da taru da igiyar ruwa ba.

Akwai kuma wani ɗan haya, malamin makarantar boko, ɗan ƙabilar Ewe, muna ce masa Tica. Shi ma yana rubuta waƙoƙi, da Turanci da kuma yarensu, a wani littafi mai baƙin bango. Ran Lahadi da la'asar in ya dawo daga coci ya huta, sai ya ɗauko kujerarsa ya zauna gefen tabarmar Malam. Wannan ya karanta tasa, wancan ya rera tasa, kowa bai gama fahimtar ɗan'uwansa ba, amma sai su yi ta gyaɗa kai. Malam yakan ce, "Ban ji abin da ka faɗa ba, amma ƙafar baitin nan na uku gajera ce." Tica ya duba, ya yi dariya, ya ce gaskiya ne.

Na yi shekara bakwai a gidan, na haifi 'ya'ya biyu, kafin idon Malam ya fara mutuwa. Yanar ido ce ta rufe masa su a hankali, har ya zama in ya rubuta layi sai ya hau kan na samansa. Mahaifina ya koya mini rubutun ajami tun ina ƙarama, kuma ni nake rubuta wa matan gidan wasiƙa zuwa garuruwansu. Sai Malam ya yi wa mijina magana in riƙa rubuta masa, mijina ya yarda. Ran nan bayan azahar na ɗauki alƙalami da tawada na tafi rumfar da ke bayan ɗakinsu, inda murhun Mma yake. Ni ce zan fara jin sabuwar waƙar Malam kafin kowa a Nima.

Na zauna, na gyara takarda a gwiwa. Malam ya ce, "'Yata, abin da za ki gani a nan, a nan zai tsaya."

Na ce, "To, Baba."

Ya juya wajen da yake jin ƙarar itace, ya ce, "Bismillah, muna jin ki."

Mma ba ta ko ɗago kai ba. Tana juya kifi ta ɗaga muryar gungunin nan nata da na saba ji, ta rera wani abu da yaren Ga, gajere, ta maimaita shi sau biyu. Malam ya ce, "Me kika ce?" Ta faɗa masa da Hausarta, a karkace, wai mace ta share ɗakin ɗanta da ya rasu, ta tsinci takalminsa ƙafa ɗaya, ta rasa inda za ta ajiye shi. Malam ya sunkuyar da kai yana ƙirga da yatsu a kan cinyarsa, leɓunansa suna motsi. Can ya rera baiti da Hausa mai kyau, irin wadda ake zuwa daga nesa a saurara.

Mma ta ce, "Ba haka ba. Ka sa kuka a ciki. Ni ban ce ya yi kuka ba. Ya tsaya ne kawai, takalmi a hannu."

Malam ya sake ƙirgawa, ya sake rerawa, babu kukan. Ta ce, "Yauwa." Ya ce da ni, "Rubuta."

Ban rubuta ba. Tawada ta ɗiga daga bakin alƙalami ta ɓata takardar, ina kallonta ban iya motsa hannuna ba. Matar nan da nake gyara wa Hausa a raina kullum, wadda na sha kwaikwayon maganarta in ba mijina dariya, ita ce ke tsaye a kan Malam tana mayar masa da baiti kamar mai mayar da ɗinkin da bai yi ba. Malam ya ji shirun ya yi yawa, ya ce, "Kina nan kuwa?"

Na ce, "Baba, duka haka ake yi?"

Ya ce, "Duka. Ni awo nake yi da ɗinki, kamar mijinki. Yadin nata ne."

Na ce, "Har ta kwalekwale?"

Mma ta ɗauki wani kifi da ya ƙone gefe ta ajiye shi daban, ta ce, "Amarya, rubuta, rana yana tafiya."

Ranar ko tuwon kirki ban iya yi ba. Mijina ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce kaina ne ke ciwo. Na yi kwanaki in na haɗu da Mma a bakin famfo sai in rasa yadda zan gaishe ta. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ci gaba da aikena in duba mata wuta, tana yi mini faɗa in na bar yara suna wasa kusa da murhu.

Kusan shekara guda muna haka, sau biyu ko uku a mako. Na koyi yadda suke aiki. Wani lokaci baiti ɗaya ya cinye mana wuni, suna ja-in-ja a kan kalma. Ita ba ta san ƙa'idar waƙar Hausa ba, amma kunnenta ba ya barin ƙarya ta wuce. In Malam ya ƙawata abu fiye da yadda ta faɗa, sai ta ce ya sa wa kifi turare. Shi kuma yakan ƙara nasa, yabon Annabi a farko da addu'a a ƙarshe, wannan ba ta taɓa sa masa baki a ciki ba. Wata rana ta ba shi wata kalma ta yarensu da ke nufin yadda teku ke lafawa kafin gari ya waye, suka nemi irinta a Hausa suka rasa. Malam ya ce a bar wurin fili. Har yau in na tuna takardar nan ina ganin filin a tsakiyar layi.

Sai Tica ya zo da labari. Ya ce akwai wani abokinsa a jami'a da ke yawo yana tattara rubuce-rubucen ajami da waƙoƙin mutanen zango, yana ɗaukar muryoyinsu a na'ura don a ajiye. Ya ba shi labarin Malam, kuma abokin yana so ya zo. Malam ya tambaya, "In an ɗauka, har yaushe zai zauna?" Tica ya ce har bayan jikokin jikokinmu. Malam ya ce, "Da sunan mutum a jiki?" Tica ya ce ai sunan ne farko.

Baƙon ya zo wata Asabar da hantsi, mutumin Kumasi ne mai tabarau, yana jin Hausa sosai. Aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi. Liman ya zo da dattawan unguwa, mu mata muka tsaya a ƙofofin ɗakunanmu. Na'urar kamar ƙaramin akwati take, da faifai biyu masu juyawa a samanta. Mma ta kawo wa baƙi ruwa a kwanon sha, ta koma wajen murhunta.

Baƙon ya kunna na'ura, ya ce, "Malam, ka fara da sunanka da garinku, sannan ka ce waƙar nan taka ce, sai ka rera."

Malam ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Sai ya tsaya. Faifan suna ta juyawa.

Ya ce, "Waƙar ba tawa ba ce. Na tsufa, idona ya tafi, ba zan bar ƙarya a cikin abin da zai daɗe bayana ba. Waƙar kwalekwale da duk sauran, na iyalina ne. Ita take yin su da yarensu, ni in mayar da su Hausa. Shekara talatin ke nan da wani abu. Ku kira ta ku tambaye ta."

Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit irin na ranar ba. Na riƙe ƙyauren ɗaki. Tica ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Liman ya ce a hankali, "Malam, ko dai jikin ne?"

Malam ya ce, "Lafiyata ƙalau. Ga 'yar nan matar tela, ita ke rubuta mana, ta sani."

Duk idanu suka juyo kaina. Kafin in san abin da zan ce, sai ga Mma ta fito daga bayan ɗaki tana goge hannu a zane. Na ɗauka za ta sunkuyar da kai don kunya, ko ta yi murmushi. A raina har na fara jin daɗi, ina cewa yau dai gaskiya ta fito. Ta tsaya a gaban mazan nan ta ce, "Ni mai kifi ne. Ban san waƙa ba, ban san karatu ba. Malam ba shi da lafiya tun jiya, ku yi haƙuri da shi." Sannan ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce, "Amarya, ka taɓa ji na yi waƙa?"

Na dubi Malam, makaho zaune a tabarma yana jiran shaidata. Na dubi Mma. Na ce, "Ni dai abin da Baba ya ce in rubuta nake rubutawa." Na shige ɗaki na zauna a bakin gado.

Baƙon ya kashe na'urarsa, ya ce zai dawo in Malam ya ji sauƙi. Bai dawo ba. Dattawa suka watse ba tare da doguwar sallama ba.

Kwana biyu ban je rumfar ba. A na uku na same ta ita kaɗai tana kankare ɓawon kifi. Na tsuguna na ɗauki wuƙa ina taya ta. Da na ga ba za ta fara ba, na ce, "Mma, me ya sa? Ai hakkinki ne ya ba ki."

Ta gama kankare kifin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Mai kwalekwale ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na dafa abincin. Ya fita da safe, da rana kwalekwale ya dawo shi kaɗai. Ba mu ga gawa ba, ba shi da kabari. Kuma shi bai yi salla ba, abin da ubanmu yake bi shi yake bi. Na tambayi wani malami ko zan yi masa sadaka, ya ce ba a yi." Ta jefa kifin a kwano ta ɗauki wani. "Shekara talatin, duk wanda ya mutu a Nima, sai an ce Allah ya ji ƙan mai kwalekwale. Liman da bakinsa. Mutum ɗari, mutum ɗari biyu, kowa ya ce amin. Wa ya sami wannan a gidanmu? Yanzu Malam ya je ya wanke kansa. Shi ya huta."

Na ce, "Baba ya san ƙanenki ne?"

Ta ce, "Shi ya cire 'ni na dafa' ya sa 'aka dafa'. Ya sani."

Wuƙar ta kuɓuce mini ta faɗa cikin ruwan kifi. Duk tsawon shekarar nan ina ganin Malam ne ya danne ta, ina jin haushinsa a ɓoye ko da ina girmama shi. Ashe ita ce ta sa shi ya riƙe, shi kuma ya ɗauki nauyin yabon da ya san ba nasa ba ne har ya gaji.

Abin da take tsoro shi ya faru, duk da musun da ta yi. Magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce rufewar ido ta taɓa wa Malam hankali, wasu suka ce dama sun daɗe suna mamakin tekun nan. Ba wanda ya hana waƙar a fili. Kawai dai aka yi rasuwa a Mamobi bayan wata guda, aka sauke karatu, aka yi addu'a, aka raba sadaka, aka tashi. Mijina ya dawo ya ce mini yau ba a yi ta kwalekwale ba. Daga nan ba a sake yi ba a wajen maza.

Mma ba ta fasa yi wa Malam komai ba. Tana kai masa ruwan alwala, tana ɓare masa kifi ta cire ƙaya ta sa masa a hannu. Amma ba ta sake ba shi ko baiti ɗaya ba, gungunin ma ta daina. Sau biyu yana sa a kira ni da alƙalami, mu zauna, ya ce, "Muna jin ki," ita kuwa ta ci gaba da hura wuta. A karo na biyu ya ce mini, "Tashi ki tafi, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ya gwada yin tasa shi kaɗai, ya faɗa mini baiti huɗu wata rana, awonsu daidai, amma da na karanta masa sai ya ce in yaga. Tica ma ya zo ya ba shi haƙuri, yana cewa shi ya jawo. Malam ya ce masa ba laifinsa, da an sake tambayarsa abin da zai faɗa ke nan.

Da damina ta zagayo Malam ya rasu. Wani ɗan ɗan'uwansa ya zo daga arewa, ya ɗaure takardun duka a gafaka, har da waɗanda na rubuta da hannuna, ya tafi da su. Ban san inda suke ba. Mma ta gama takaba ta ce za ta koma cikin danginta, ba su haihu da Malam ba. Ta raba mana tukwanenta, ta hau mota da akwati ɗaya.

Bayan kamar wata shida na ce wa mijina ina so in je in gaishe ta. Na goya ƙaramin ɗana, na shiga motar haya da ake ce wa trotro har cikin gari, na gangara unguwar masunta ina tambaya. Wata mata mai sayar da tuwon masarar da ake ce wa dokunu, mai jin Hausa, ta gane wadda nake nufi, ta ce an yi musu rasuwa, tana can, in biyo ta. Muka bi ta wani lungu muka fito wani fili a gaban teku, cike da mata, za su kai ɗari.

Mma tana tsaye a tsakiyarsu da mayafinta na salla a kai. Ita ke bayar da waƙa suna amsawa. Muryar da na sani ƙasa-ƙasa a bakin murhu, ga ta nan tana fita har tana danne ƙarar ruwa. In ta ja baiti sai ka ga tsofaffi suna dafa ƙirji, in ta sauke sai filin duka ya ɗauka. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Na tsaya da goyo a baya ina saurare.

Na ce wa mai dokunun, "Dama kun san tana waƙa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko teku ruwa ne. Ta ce, "Tun tana budurwa ita ke yi wa matattunmu waƙa. Uwarta ma haka. Da ta auri malaminku ta tafi, sai da tsofaffinmu suka yi kuka. Ku can me take yi muku?"

Na ce, "Bandar kifi."

Da aka tsagaita Mma ta hango ni. Ta ratso mutane ta zo, gumi yana zuba a fuskarta, ta kwance mini goyon ta ɗauki yaron tana duba haƙoransa. Ta tambayi mijina, ta tambayi Tica, ta tambaya ko an gyara rufin rumfar da ke yoyo. Na ce, "Mma, ki bar ni in riƙa zuwa da takarda, ki faɗa mini da Hausa in rubuta." Ta ce a'a, waɗannan na masu su ne, an yi su an gama. Ta ja ni gidan ƙanwarta ta sa aka ba ni abinci, ta naɗe mini kifi a takarda, ta ce in tashi da wuri kafin motocin Nima su cika. Ta raka ni har bakin titi, ta tsaya sai da na sami wurin zama, sannan ta juya ta koma wajen makokin.